TARIHIN MAGABATA: Malam Abdullahi na Gwandu, Gwanin Nahawu da Sarfu (1766–1829)

 A wannan fitowar, filinmu na tarihin magabata zai yada zango ne a Gwandu, wurin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Galibinmu idan aka ambaci sunansa, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne doki da takobi da Tabkin Kwatto. To, wannan gaskiya ne, kuma za mu taɓo shi. Amma abin da muka fi so mu tsaya a kai yau shi ne wani fanni da ya yi wa hidima tun yana saurayi har tsufansa, wanda mu kuma muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato nahawu da sarfu. Shi ne ilimin da ke koya wa mutum yadda ake warware kalma, a san sassanta, a kuma san aikin kowane sashe.

Abin da ya jawo wannan zaɓi shi ne wata walimar sauka da aka yi a Islamiyyarmu ta nan Kona. Yara sun yi karatu mai daɗi, har wasunmu iyaye suna share hawaye. Sai wani malami baƙo ya ɗauki littafin hadisi, ya nuna wa ɗaliban sunan Sahabi guda a wurare uku. A nan an karanta Abdullahi, can Abdallahi, can kuma Abdillahi. Ya nemi a gaya masa dalili. Yara suka yi tsit. Mu ma da muke zaune a kan tabarmar gaba, da furfurarmu da manyan rigunanmu, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. Wallahi mun ji kunya. Amsar tana nan tafe a cikin tarihin mai wannan suna.

ASALINSA DA TASHINSA

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766, a ƙasar Gobir. Shehu Usmanu ya girme shi da shekara goma sha biyu, domin shi an haife shi a 1754. Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsu kuwa Hauwa'u. Fulani ne Toronkawa, gidan malamai tun kaka da kakanni, kuma ita kanta kalmar Fodiyo ma'anarta malami masani. Ke nan harshen da ya sha a nono Fulatanci ne, Hausa kuwa ita ce harshen ƙasar da ya tashi a ciki. Larabci a kan allo ya same shi, harafi bayan harafi, kamar yadda ni da kai muka fara. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Da ya kai shekara goma sha uku sai aka damƙa shi a hannun wansa, Shehu Usmanu, kuma tun daga ranar kusan ba su rabu ba, a gida ko a tafiya.

NEMAN ILIMINSA

Mun yi sa'a shi da kansa ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. A wurin Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa na kafin Musulunci, ya karanta tauhidi, ya karanta Ahalari da Ashmawi da Risala, ya kuma saurari tafsiri daga Fatiha har Nasi ba sau ɗaya ba. A fannin li'irabi kuwa Shehu ya ɗora shi a kan Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada. Daga nan ya wuce zuwa ga sauran malamai na danginsu da na wasu ƙasashe, ya karanta Alfiyyar Ibnu Maliki da sharhohinta, ya karanta aruli, wato ma'aunin waƙa, da manɗiƙi da usulu. Sahihul Buhari ya saurare shi a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Ya kuma zauna gaban babban malamin nan na Shehu, wato Malam Jibrilu ɗan Umar.

Alamar gwanintarsa ta fito tun da wuri. A lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wajen 1786, wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da baitoci na Larabci, yana maraba da shi amma yana sukar yadda mata ke halartar wa'azinsa. Shehu ya miƙa wa Abdullahi takardar, ya umarce shi da ya ba da amsa. Yaro ɗan shekara ashirin ya mayar da jawabi a waƙe, bisa ma'auni da amsa-amo irin na wanda ya aiko, yana nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan abin da ake gudu. Duk wanda ya taɓa gwada haɗa jimla ɗaya ta Larabci ba tare da kuskure ba ya san wannan ba wasan yara ba ne. Saboda irin wannan ƙwarewa ce daga baya aka yi masa laƙabi da Balaraben Sudan.

Bayan kamar shekara biyu, yana tare da Shehu a Magami ranar Babbar Salla, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi a kuma sauƙaƙa wa talakawa.

HISNUR RASIN DA ILIMIN SARFU

Tun kafin a yi hijira, Malam Abdullahi ya riga ya zama mawallafi. Ɗaya daga cikin littattafansa na wancan lokaci shi ne Hisnur Rasin, ma'ana ganuwa mai ƙarfi, waƙa mai baiti kimanin 1,000 a kan sarfu. Dalilin da ya sa malaman da suke mayar da ilimi waƙa shi ne, takarda tana da tsada, daga hamada ake kawo ta a bayan raƙumi, littafi kuma da hannu ake kwafarsa. Abin da aka waƙe kuwa yana zama a ka, gara ba ta cinsa, gobara ba ta ƙona shi.

To, mene ne sarfu? Bari mu kawo shi kusa. Yawancin kalmomin Larabci suna da saiwa ta haruffa uku. Daga kaf da ta da ba aka sami kataba, ya rubuta, da katibu, marubuci, da maktubu, abin da aka rubuta, da kitabu, wanda shi ne ya zama littafi a bakin Bahaushe. Malaman sarfu suna da abin da suke kira mizani, haruffa uku ne su ma, fa da ain da lam. Kowace kalma aka kawo sai a ɗora ta a kai, a ga waɗanne haruffa ne na asali, waɗanne ne ƙari. Mu 'yan kasuwa ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin ka biya kuɗin buhu sai ka san nauyin hatsi daban, nauyin buhu daban.

Wani lokaci harafin asali yakan ɓuya. Ƙala, ya ce, da ba'a, ya sayar, a ido kama ɗaya suke. Amma da ka ce yaƙulu da yabi'u, sai ka ga na farko wau ne a cikinsa, na biyu kuwa ya ce. Sarfu ke tono wannan.

Ga kuma misalin da ya shafi aljihunmu da lahirarmu. A rubutun boko muna rubuta riba ta ciniki da riba ta bashi da ruwa da haruffa iri ɗaya, sai a furuci ne muke jan ta farko mu gajarta ta biyu. A Larabci kuwa ba dangin juna ba ne ko kaɗan. Ta ciniki saiwarta ra da ba da ha ƙarami, ta bashi kuwa ra da ba da wau, daga kalmar da ke nufin ƙaruwa da kumbura. Ɗaya halal, ɗaya haram. Wanda ya san saiwar kalma ba za a rikita shi a nan ba, ko a littafin fiƙihu ko a bakin mai wa'azi.

HIJIRA DA JIHADI

Da zaman jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya ƙi daɗi, sai aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, shi ne kuma ya jagoranci rundunar jama'a, aka yi nasara duk da ƙarancin dawaki da makamai. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa, jama'a ta yi babbar asara, har an ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 suka kwanta dama a wurin. A 1805 yana cikin jagororin da suka ci Birnin Kabi, a shekarar kuma jama'a ta koma Gwandu, aka sake shan wuya a yaƙin Alwasa.

A nan ne halin mutumin ya fito fili. Da nasara ta fara samuwa, sai ya lura cewa da yawa daga cikin mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage kuma wasunsu hankalinsu ya koma kan ganima da muƙami da dawaki da manyan riguna. Abin ya dame shi ƙwarai. Wajen 1807 sai ya sulale ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar ya tafi ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa wajen hukunci da tafiyar da mulki. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wurin Shehu. A 1808 aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir.

Jama'a, a duba wannan. Mutum yana waziri, yana da runduna a hannu, ya juya wa duk wannan baya saboda yana ganin an kauce wa abin da aka fito dominsa. Da aka tare shi kuma, abin da ya iya bayarwa shi ne karatu da rubutu.

RABON ƘASA DA ZAMAN BOƊINGA

Wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu. Gabas ya bai wa ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuwa ya bai wa Abdullahi. Rabon yamma shi ne wanda daga baya ya haɗa da Nufe da Ilori da Yawuri, har ya tsallaka Kwara zuwa ƙasar Gurma da Liptako. Mu nan ƙasar Muri, wadda Hamman Ruwa ɗan'uwan Buba Yero na Gombe ya kafa, a rabon gabas muka faɗo, ba mu taɓa zama ƙarƙashin Gwandu ba. Amma littafi ba ya tambayar iyaka, inda duk almajiri ya sa ƙafa nan yake zuwa.

A wannan lokaci Shehu yana Sifawa, Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga, shi ya sa ake ce masa Mai Boɗinga. A waɗannan shekaru ne ya tattara waƙoƙinsa tare da labarin abin da ya jawo kowace, a littafin Tazyinul Waraƙati, wanda a yau masu binciken tarihin jihadi ba su da abin da ya fi shi. A nan ne kuma ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wajen 1815, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu. Wanda ya buɗe wannan tafsiri zai ga amfanin nahawu a fili, domin yakan tsaya a kan li'irabin kalma da bambancin ƙira'o'i kafin ya fitar da ma'ana da hukunci. Da ya ga littafin ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sake rubuta wani mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da muka saba da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka tsayawa a kan wasali ɓata lokaci ne. A aya ta uku ta Suratut Tauba akwai kalmar da ke nufin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da rufu'a ake karanta ta. Idan mutum ya karanta ta da wasalin ƙasa, ma'anar takan juye gaba ɗaya ta koma saɓo, wa'iyazu billahi. Malamai sun ruwaito cewa jin irin wannan kuskure yana cikin abin da ya sa Abul Aswadid Du'ali ya fara aza harsashin nahawu a Basra.

RASUWAR SHEHU DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Jama'ar da ke wurin suka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa da Abdullahi ya iso daga Boɗinga sai ya tarar an rufe ƙofar gari. Bai ja daga ba, bai tara runduna ba, ya juya ya nufi Gwandu. An ɗauki 'yan shekaru akwai sanyin jiki tsakaninsa da ɗan wansa, har zuwa lokacin da masu tawaye suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka matsa masa lamba. Wajen 1821 Bello ya taso da runduna ya kawo masa gudummawa, aka ci garin. An ce da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi kuma ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Nan magana ta ƙare. Daga bisani ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki, ya koma kan buzunsa.

BAHRUL MUHIƊ DA HAƊAƊƊUN KALMOMI

A wannan zama na Gwandu ne, wajen 1822, ya yi Bahrul Muhiɗ, ma'ana teku mai kewaye, waƙar nahawu mai baiti sama da 4,000, wadda ya gina a kan Jam'ul Jawami'i da sharhinsa Ham'ul Hawami'i na Imam Suyuɗi, malamin Masar da ya rasu a 1505. Idan aka tuna Alfiyya baiti dubu ce, kuma ɗalibi yakan yi shekaru yana fama da ita, za a gane girman wannan aiki. Yana da wani ƙarami kuma a nahawun, mai suna Lam'ul Barƙi. Mutum ya haura hamsin, ya sha yaƙi, ya ga mulki, ya ga ɓacin rai, amma abin da ya zaɓa ya ƙarasa ƙarfinsa a kai ke nan.

Yanzu sai mu koma ga tambayar malamin nan baƙo. Sarfu yana duba ginin kalma ita kaɗai, nahawu kuwa yana duba yadda ƙarshenta ke sauyawa gwargwadon aikinta a cikin jimla. Sunan Abdullahi ba kalma ɗaya ba ce, biyu ce aka haɗa, Abdu da sunan Allah, wato bawan Allah. Irin wannan haɗi shi ake kira idafa. Sashe na biyu yana nan daram da wasalin ƙasa, na farkon ne ke karɓar sauyi. Idan mai sunan shi ya yi aikin, sai a ce Abdullahi, da rufu'a. Idan a kansa aikin ya faɗa, sai a ce Abdallahi, da wasalin bisa. Idan kuma harafi irin su an ko min ya gabace shi, kamar yadda yake zuwa a farkon hadisi, sai a ce Abdillahi. Shi ke nan fa abin da ya sa muka sunkuyar da kai.

Malaman nahawu sun kasa haɗaɗɗun sunaye gida uku. Na farko shi ne wannan. Na biyu shi ne wanda kalmomin suka narke suka zama ɗaya, kamar Hadramautu ta ƙasar Yaman, inda sauyin ke komawa can ƙarshe. Na uku shi ne jimla sukutum da aka mayar suna, kamar laƙabin wani mawaƙin jahiliyya, Ta'abbaɗa Sharran, wato ya rungumo sharri a hammata. Irin wannan ba ya sauyawa ko ina ya faɗa.

Abin sha'awa, da ka fahimci wannan sai ka ga ashe muna da irinsa a Hausa, muna faɗa kullum ba mu lura ba. Ɗan-kasuwa idan sun yi yawa 'yan-kasuwa ne, rigar-ruwa kuma rigunan-ruwa. Ka ga gaba ya sauya, baya yana nan, kamar dai Abdullahi. Muna cewa gidan-sauro amma rigar-ruwa, saboda gida namiji ne, riga kuwa mace. Sa'an nan ga faɗi-ka-mutu da muke sayarwa a shago, ga dafa-duka, ga a-kori-kura da ke ɗauko mana kaya daga Jalingo. Kowannensu jimla ce aka mayar suna, kuma ko guda ɗari ne haka za a faɗe shi.

WANI MAI IRIN WANNAN HIMMA A ƘASAR INDIYA

Wannan damuwa ta warware kalma ba a kan Larabci kaɗai ta tsaya ba. A ƙasar Indiya ta da, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, an yi wani masani mai suna Panini, mutumin yankin da a yau ke cikin Pakistan. Ya tsara nahawun Sanskirit, tsohon harshen littattafansu wanda Indiyancin da muke ji a fim ya ɗebo kalmomi da yawa daga gare shi. Littafinsa babi takwas ne, da gajerun ƙa'idoji kusan 4,000, kuma su ma haddace shi suke yi daga bakin malami. Harshen nasu ya shahara da haɗa kalmomi. Maharaja babba ne da sarki aka haɗa, Himalaya kuwa ƙanƙara ce da mazauni. A wurinsu idan aka haɗa kalma biyu, ta farkon takan yar da alamar li'irabinta, sai ɗalibi ya zo warwarewa sa'an nan ya mayar mata da ita. Alal misali rajapurusha, mutumin sarki, idan aka warware sai kalmar sarki ta dawo da alamarta ta mallaka. Mu kuwa a Hausa ba mu yar da tamu, tana nan maƙale a ƙarshen kalmar farko. Suna kuma da wani nau'i da suke kira bahubirihi, ma'ana shinkafa mai yawa, amma mai shinkafar ake nufi. Wannan ai shi ne farar-hula da jan-wuya a wurinmu, ba hular ake nufi ba, ba kuma wuyan ba, mutumin ne.

Mun kawo wannan ne don a ga cewa duk al'ummar da ke da littafin da take tsoron a gurɓata, sai ta tashi masu tsare mata harshe.

RASUWARSA

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, shekara goma sha biyu bayan Shehu, kuma a can kabarinsa yake, ana ziyartarsa. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma ɗansa Halilu, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1858. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu, wadda fadarta take Birnin Kabi. Ya bar littattafai masu yawa a tafsiri da hadisi da fiƙihu da siyasar shari'a da tasawwufi da harshe. Bature Hiskett ya buga Tazyinul Waraƙati tare da fassara a Ibadan a 1963.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mun ce a riƙe cewa Larabci ba harshen gidansu ba ne. To, ba shi kaɗai ba. Sibawaihi, wanda littafinsa ya zama uwa ga nahawun Larabci, Bafarishe ne. Ibnu Ajuruma, mai Ajurumar da muka fara muka watsar, ɗan ƙabilar Barbar ta Magrib ne, ya rasu a Fas a 1323. Ɗan gida yakan yi magana bai san dalili ba. Baƙo shi ke tsayawa ya tambaya, ya kwance, ya sake ɗaurawa, har wata rana ya zo yana koya wa 'yan gida.

Mu da muke zaune a nan ai mun fi kowa sanin haka. Iyayenmu da suka zo wannan ƙasa da ƙullin gishiri da kanwa, da kunne suka koyi gaisuwa da ƙirge a harshen Jukunawan Kona da na Mumuye, don a zauna lafiya a yi ciniki. Cikinmu akwai waɗanda suka gane da kansu cewa Bafulatani yakan ce Pullo ga mutum ɗaya, Fulɓe ga masu yawa, ko gorko da worɓe, wato shi a farkon kalma ma yake sauyawa. Ba wanda ya shiga aji kafin ya gane wannan, neman abinci ne ya koya masa. Yo in mun iya yin haka don kasuwa, me zai hana mu yi don Littafin da muke karantawa sau biyar a rana?

Gaskiyar magana, mu da muka yi Islamiyya an fara mana Ajuruma, muka haddace 'yan shafuka, kasuwa ta kira mu muka tafi. Yanzu ga 'ya'yanmu suna bin sawunmu, suna rera karatu da tajwidi mai kyau, amma ma'ana sai an fassara musu, kuma duk wanda ya fassara musu, daidai ko karkace, shi za su bi. Wannan shi ne haɗarin. Yaron da bai iya auna kalma da kansa ba, kowa ya zo da mudunsa sai ya auna masa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da kwamitin makaranta da su nemo malami guda wanda ya ƙware a nahawu da sarfu, a ware masa darasi na musamman, mu kuma iyaye mu ɗauki nauyin albashinsa ba tare da an bi mu shago-shago ba. Har ila yau a buɗe mana zama na manya bayan sallar isha'i, ko da dare biyu ne a mako, a faro daga Ajuruma. Ƙaramin littafi ne, masu sayar da littattafan addini a kasuwar Jalingo ba su rasa shi. Gemu ba ya hana ilimi. Wanda ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto bai ga ƙasƙanci ba a zama ana ƙirga wasula, balle mu.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi na Gwandu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da alheri, tare da Shehu da Bello da sauran magabatanmu. Mu kuma Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya kyautata ƙarshenmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu.